Tsohuwar Bentley a Gaban Alƙali

A watan Yulin 1990 wani alƙalin babbar kotun Landan, Mai Shari'a Otton, ya yanke hukunci a kan wata mota da ta haura shekara 60 da ƙerawa. Ciniki ne ya faɗa tsakanin wani mai tara tsofaffin motoci, Edward Hubbard, da kamfanin Middlebridge, a kan fam miliyan 10. An sallama, an sa hannu a takarda, sai mai saye ya dawo ya ce ya fasa. Hujjarsa ita ce motar da za a ba shi ba ita ce wadda ta yi suna a duniya ba, sunan kawai ta ara. Da haka aikin alƙali ya koma amsa tambaya guda: motar da aka canza wa shasi, aka canza mata inji, aka sake mata bodi, ita ce har yanzu ko wata ce daban?

Motar Bentley ce ƙirar Speed Six, mai silinda shida da injin lita shida da rabi. An haɗa ta a 1929 a masana'antar kamfanin da ke Cricklewood, arewacin Landan, lambar shasinta LB2332, lambar hanya kuwa MT 3464. Don tsere aka yi ta, musamman tseren Le Mans na Faransa, inda ake gudu awa 24 dare da rana, direbobi suna karɓar juna, wanda ya fi cin nisa shi ne gwani. A tseren 1929 lamba 1 aka rubuta a jikinta, Woolf Barnato da Tim Birkin suka tuƙa ta, ta zo ta ɗaya, wasu Bentley uku na biye da ita. Daga nan aka riƙa kiran ta Old Number One. Da shekara ta zagayo Barnato ya koma da ita tare da Glen Kidston, suka sake cinyewa, bayan da Marsandin da Rudolf Caracciola ke tuƙawa ta gaza kai wa ƙarshe.

Barnato ba direban haya ba ne. Ɗan Barney Barnato ne, wanda ya tara dukiya a ramukan lu'ulu'u na Kimberley a Afirka ta Kudu, kuma kuɗin wannan gado ne ya riƙe kamfanin Bentley tun daga 1926. Da tattalin arzikin duniya ya karye, shi ma ya janye hannunsa, kamfanin ya durƙushe a 1931, Rolls-Royce ta saye shi. Motar ta zauna a hannun Barnato a matsayin tasa ta kansa, ya kuma ɗauki bakanike guda ya damƙa masa ita. Sunansa Walter Hassan. Mai karatu zai iya zaton ɗan gida ne saboda sunan, amma Bature ne haifaffen Landan, wanda ya shiga Bentley koyon aiki yana ɗan shekara 15.

A nan labarin ya ɗauki hanyar da ta kai shi kotu, kuma a nan ya kamata a dakata a duba da kyau. Barnato ya mayar da motar filin Brooklands, wani zagayayyen fili na kankare a Surrey wanda kwanoninsa ke da gangara kamar bangon kwano, mota na hawa can sama tana gudu. A 1931 Jack Dunfee da Cyril Paul suka ci tseren mil 500 da ita a wannan fili. Sai dai kankaren Brooklands ba shi da laushi, kuma shasin da ya sha Le Mans har sau biyu ya gaji. A 1932 Hassan ya sauke motar gaba ɗaya bisa umarnin maigidansa. Ya samo shasin wata ƙirar Bentley mai lita huɗu, wanda ya fi ƙwari, ya kwashe sassa da yawa na tsohuwar ya ɗora a kai, aka yi mata sabon bodi. A cikin wannan shekara kuma tsohon injin ya ba da kai, aka sa mata na lita takwas. Babu wanda ya yi wannan aiki a ɓoye, babu kuma wanda yake tunanin gidan tarihi. Mota ce ta aiki, abin da ya lalace a cire, abin da zai ƙara gudu a sa.

A watan Satumbar 1932, a tseren mil 500, Clive Dunfee, ɗan'uwan Jack, yana tuƙa ta a saman gangarar sai tayarta ta zarce baki. Motar ta fita daga fili, shi kuma ya rasu nan take. Barnato bai sake sa ta a tsere ba. An tattaro ta, aka gyara, aka yi mata bodi mai rufi ta zama motar hawa a titi. Da Barnato ya mutu a 1948, ita aka sa a gaban jerin motocin jana'izarsa an lulluɓe ta da furanni, kuma da sunan Old Number One mutane suka san ta a ranar. Wannan ya nuna cewa waɗanda suka san motar tun tana sabuwa, suka kuma san duk abin da aka yi mata, ba su ɗauke ta a matsayin baƙuwa ba.

Daga nan ta bi hannaye daban-daban tsawon shekaru, kamanninta na sauyawa, har ta iso wurin Hubbard a ƙarshen shekarun 1980. Duk mai son farfaɗo da irin wannan mota dole ya zaɓi shekarar da zai mayar da ita, don ta yi rayuwa fiye da ɗaya. Hubbard ya zaɓi kamanninta na 1932, na filin Brooklands. A ganina ya yi daidai. Da ya mayar da ita siffar 1929, da ya jawo idon masu kallo fiye da haka, tunda ita ce shekarar Le Mans, amma da ya ɗora bodin 1929 a kan shasin 1932, wato abin da bai taɓa wanzuwa ba. Gyaran da ya fi kyau a ido ba lallai ne ya zama wanda ya fi gaskiya ba, kuma masu kuɗi da yawa a wannan harka sun zaɓi na farkon.

Lauyoyin Middlebridge sun tsaya a kan cewa motar Le Mans ta ƙare a ranar da Hassan ya raba ta da shasinta. Magana ce mai nauyi, don a al'adar masu motoci shasi ne ke ɗauke da lambar da ake gane mota da ita. Sai ga Hassan da kansa ya zo kotu yana da shekara 85. A tsakanin nan ya zama ɗaya daga cikin manyan masu zana inji na Ingila, da hannunsa a injin XK na Jaguar, da injunan tsere na Coventry Climax, da injin Jaguar mai silinda 12. Ya ba da labarin aikin da ya yi shekara 58 da suka wuce: abin da aka umarce shi, abin da ya cire, abin da ya mayar. A wurinsa gyaran tsohuwar mota ya yi, ba sabuwa ya ƙera ba.

Alƙali bai yi wa kowa kara ba. Ya yarda cewa motar ba ta nan yadda ta fito daga masana'anta a 1929, kuma ba za a ce ƙarfen da ya ci Le Mans shi ne duka a gabansa ba. Amma ya dubi yadda marubucin tseren motoci Denis Jenkinson ya rarraba tsofaffin motocin tsere, ya sa wannan a sahun waɗanda aka yi ta canza wa sassa a tsawon aikinsu ba tare da sun taɓa ɓacewa daga idon jama'a ba. Tarihinta bai yanke ba, kowane sauyi an san wanda ya yi shi da dalilinsa, kuma babu wata mota a duniya da za ta fito ta ce ita ce Old Number One. Kotu ta ba Hubbard gaskiya.

Wanda ya tashi a gidan ƙasa ba zai sha wahalar gane wannan hukunci ba. Kowace shekara bayan damina ana yaɓe, azara ta rube a sa wata, katanga ta faɗi a tayar, har a wayi gari da wuya a nuna tubali ɗaya da kaka ya ɗora da hannunsa. Duk da haka gidan kaka ne, don ba a taɓa tashi daga cikinsa ba, kuma dattawan unguwa sun san lokacin da aka yi kowane gyara.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne cewa fam miliyan 10 sun rataya ne a kan takardun masana'anta, da rajista, da tunanin wani tsoho da Allah ya ja kwanansa. Da Hassan ya rasu kafin 1990, da shari'ar ta fi haka wuya. Ƙarfe kowa na iya sayowa, lamba ma ana iya bugawa a jikin shasi, shi ya sa a kasuwar tsofaffin motocin tsere aka sha samun motoci biyu masu da'awar lamba ɗaya, wannan ta gaji shasi, waccan ta gaji inji. Abin da ba a iya ƙerawa daga baya shi ne rubutun da aka yi a lokacin da abin ya faru. Mai gyara da ya rubuta abin da ya canza bai rage wa mota daraja ba, ya tsare ta ne daga zargi.

Mu ma abin ya shafe mu. A 1975 aka fara haɗa Peugeot a Kaduna, kuma 504 ta yi wa ƙasar nan hidimar da ba ta misaltuwa, daga motar ofis zuwa motar haya. Mafi yawansu sun ƙare a hannun 'yan gwangwan. Waɗanda suka rage, da wuya ka sami mai ita yana riƙe da rasit na farko, ko sunayen waɗanda suka riƙe ta kafin shi, ko shekarar da aka sauke inji. Bakanikenmu gwani ne wajen rayar da mota da kayan wata, kamar yadda Hassan ya yi, amma aikin yana kansa ne kawai, ranar da ya bar gareji ya tafi da shi. Ƙaramin littafi a aljihun mota, da tsofaffin takardun da ba a yar ba bayan an sabunta, sun isa su riƙe wannan tarihi.

Middlebridge kuwa bai daɗe ba bayan hukuncin. Kamfanin, wanda ke ƙera motar Scimitar a Nottingham, ya rufe a shekarar 1990 ɗin, daidai lokacin da farashin tsofaffin motoci ya faɗi warwas bayan hauhawar da ya yi a ƙarshen shekarun 1980. Walter Hassan ya rasu a 1996. Motar ta ci gaba da sauya hannu, ana kuma fito da ita a tarukan tsofaffin motoci da kamanninta na 1932.