Lafiya Uwar Jiki: Ido Ba Ciwo, Gani Na Tafiya



Yau da dare ku rufe ido, ku danna shi kaɗan da yatsa. Za ku ga walƙiya, alhali babu fitila. Ɗalibaina na yaƙi da jahilci sun gwada, sun yi ta dariya. Ga dalili.

Can bayan ido akwai wata ƴar fata siririya. Ita ke kama haske ta aika wa ƙwaƙwalwa. Ƙwayoyinta suna da ƙofofi ƙanana ƙwarai, inda gishirin jiki ke shiga da fita. Ɗaya daga cikin gishirin nan sunansa potasiyom. Kun san shi: shi ne harafin K da ke jikin buhun taki 15-15-15, akwai shi kuma cikin toka. A shekarar 1991 wani likitan ido a Amurka ya gwada ƙwayoyin idon mutum. Ya ga in an ja su sun miƙe, ƙofofin potasiyom suna ƙara buɗewa. Ashe ido yana jin matsi, kamar fatar kalangu.

Matsin yatsa na ɗan lokaci ne. Wanda ke ba ni tsoro shi ne na ciki. Kullum ido yana yin ruwa, ruwan yana fita ta wata hanya. In hanyar ta toshe, ido ya cika tam kamar salka. Shekara da shekaru yana matse jijiyar gani har ta mutu. Likitoci suna ce masa gulokoma.

Galibi ba ya ciwo. Ganin gefe ke fara tafiya. Mutum yana ganin gabansa, amma akuya ta wuce ta gefensa bai sani ba. Ba yana ba ce. Yana ana cire ta, gani ya dawo. Abin da wannan ciwo ya ci ba ya dawowa. Ya kuma fi kama baƙar fata, yana bin dangi.

Wanda ya wuce shekara 40, ko yake da makaho a gidansu, ya je likita a Dogon Dutsi ko Tibiri, ya ce yana so a auna masa matsin ido. In aka tura shi Doso ko Yamai, ya daure ya je, ko da kaka ce. Maganin ɗigawa kullum ake sa shi, ba a bari don an ji sauƙi. Na ƴan tebur kuwa ku bar shi, waninsa ƙara matsin yake yi.