Littafi Na Shida Bai Zo Agege Ba

A Zangon Agege, matan gidajenmu na karanta littattafan Hausa da ake sarowa daga Kano, kuma kukansu ɗaya ne: an sayi littafi na ɗaya da na biyu, na uku sai bayan wata huɗu, na shida kuwa bai taɓa isowa Legas ba. Yanzu labaran sun koma WhatsApp, inda marubuciya kan kai shafi ɗari biyu tana karɓar kuɗi kafin ta saki ci gaba.

Ni ba na ƙin dogon labari. Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, wadda ta fito a ƙarshen shekarun 1930, juzu'i uku ce, amma kowane juzu'i na da dalilinsa, aku na jan zaren hikayoyin har ƙarshe. Ruwan Bagaja kuwa ɗan siriri ne, ga shi har yau ana karanta shi a makarantu.

Abin da ke damuna shi ne jan labari don ciniki kawai: a yi shafi goma ana kwatanta lefe da falon Alhaji, labarin na tsaye cik. Tsawon nan ya cinye wurin gwada sabon salo. Misali, Umaru Dembo ya kai yaro sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya tun 1969. Wa ya ɗora daga nan?

Marubutanmu, ku kammala labari kafin ku sayar mana da farkonsa.