Ranar Awo Ba A Ɓoye Bakin Yaro

Idan ma'aikaciyar jinya ta tambayi uwa ranar awo ko ɗanta ya fara magana, amsar da uwar ta bayar da ita za a yi aiki. Shi ya sa ya kamata mu 'yan kasuwa, daga Nima da Maamobi har Aflao da Paga, mu duba yadda muke amsa wannan tambaya.

A Amurka akwai takardar MacArthur-Bates mai ɗauke da kalmomi 680, inda iyaye ke nuna waɗanda ɗansu ɗan wata 16 zuwa 30 yake faɗa. A shekarar 2000, Heidi Feldman da abokan aikinta sun bi yara fiye da 2,000 a Pittsburgh, suka ga iyaye masu ƙaramin ƙarfi suna ba 'ya'yansu 'yan shekara ɗaya makin fahimtar magana fiye da yadda masu hali ke ba nasu. Wannan ya sa masana suka fara tambaya: yaron ake aunawa, ko yadda uwa ta fahimci tambayar?

A zango lamarin ya fi haka sarƙaƙiya. Yaron Nima yana jin Hausa a gida, Twi da Ga a kasuwa, Turanci a talabijin. Idan aka ƙirga Turancinsa kaɗai, an tauye shi, musamman da yake babu Hausa cikin harsunan da gwamnatin Ghana ta amince a koyar da su a makarantu. Ga uwa ta wuni tana ciniki, yaro na wajen kaka, don haka kaka ta fi ta sanin bakinsa. Ga kuma kunyar ɗan fari da tsoron kambun baka, waɗanda ke sa uwa ta ce "bai iya komai ba." Wata kuma ta ƙara gishiri don kada a raina ta.

Duka biyun yaro ke cutuwa. Masana sun ce ɗan shekara 2 da bai kai kalmomi 50 ba, ko bai fara haɗa kalma biyu ba, ya kamata a duba shi, musamman kunnensa.

Saboda haka muna kira ga iyaye: kafin ranar awo, a zauna da kaka da yayye a lissafa abin da yaro ke faɗa a kowane harshe. Ma'aikatan lafiya kuma su yi tambaya da harshen da uwa ke ji. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Allah Ya raya mana zuri'a.