Jinin wata ya ɗauke, hankali ya tashi

Maganar wannan mako ta ƴan mata ce, amma ku magidanta da iyaye nake so ku kasa kunne.

Binciken ƙasa na shekarar 2012 ya nuna cewa a jihar Maraɗi kashi 89 cikin 100 na mata masu shekara 20 zuwa 24 an yi musu aure kafin su cika 18. Ke nan a gundumar Dakwaro, daga Kornaka har Birnin Lalle, yarinyar da ke shan ƙwayar tazarar haihuwa galibi matar aure ce mai goyo, wadda ke gudun gorin rurrutsa. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta maida maganin kyauta a gidajen likita. Abin da ya yi ƙaranci shi ne bayani.

Ga yadda abin ke faruwa. An yi mata allurar wata uku, sai al'ada ta ɗauke. Ba ta iya tambayar uwar miji, don sau da yawa a ɓoye ta je. Sai ta ɗauka ciki ne, ta nufi mai tallar magani a tire ko mai jiƙe-jiƙe don "saukar da jini". Nan haɗarin yake! Alhali ɗaukewar jinin aikin allurar ne: wajen rabin masu yin ta ba sa ganin al'ada bayan shekara guda. Ba ciki ba ne, kuma jinin ba taruwa yake a mara ba.

Ƙwaya kuwa, in ana shan ta kullum, ko mace ɗaya cikin 100 ba ta ɗaukar ciki a shekara. Da mantuwa, lissafin na kai 7. Amai jim kaɗan bayan sha na rage ƙarfinta, haka ma rifampisin, maganin tarin fuka.

Wadda shakka ta kama, ta koma wurin ungozomar asibiti a yi mata awon fitsari. Minti kaɗan ne. Ko da cikin ne, ƙwayar da ta sha ba ta cutar da ɗan tayi.

Ku ƴan kasuwa masu sayar da magani, in yarinya ta zo da wannan damuwa, ku nuna mata hanyar asibiti. Maigida kuma ya raka ta, ko ya ba ta kuɗin kabu-kabu.