Waiwaye: Ƙurar Bennu da Abin da Ake Ajiyewa

Ranar Lahadi 24 ga Satumba, 2023, ana idar da sallar la'asar a Hadejia, wani baƙin akwati da faɗinsa bai kai mita ɗaya ba ya sauka da laima a hamadar Utah ta Amurka. Mu da muka bi saukar ta waya, intanet na ɗaukewa yana dawowa, ba mu ga abin a-zo-a-gani ba. Ƙonannen abu ne kwance a ƙasa, mutane na zagaya shi a hankali, can jirgi mai saukar ungulu ya ɗauke shi da igiya. Wani dattijo a majalisarmu ya ce, "To, shi ke nan kuma? Duk wannan surutun?"

Shekara bakwai aka yi ana jiran akwatin nan. Kumbon OSIRIS-REx na hukumar NASA ya tashi a 2016, ya taɓa dutsen sararin samaniya mai suna Bennu a Oktoban 2020, ya ɗebo ƙura da tsakuwa. Da aka auna, giram 121.6 ne kacal. Wajen buɗe murfin mazubin ƙurar ma sai ƙusoshi biyu suka cije, aka yi ta fama har Janairun 2024, don ba a yarda a sa wani ƙarfe da zai gurɓata ƙurar ba.

Abin da ya tsaya mini a rai daga baya ya zo. Hukumar ta ce aƙalla kashi 70 cikin 100 na wannan ɗan abin za a rufe shi a Houston, a bar wa masanan da yanzu ko makaranta ba su shiga ba, su zo da na'urorin da ba a ƙera ba tukuna. Manomin shinkafa a Auyo ko Guri ba ya buƙatar a yi masa bayani: komai tsananin yunwar bazara, ba a dafa iri.

Mu fa kyauta sama ta taɓa ba mu. A Oktoban 1962 dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo kusa da wani manomi a Zagami, ƙasar Katsina, daga baya aka tabbatar daga duniyar Mars ya fito. Yau gutsattsarinsa na warwatse a gidajen tarihi da hannun dillalai a ƙetare. Masana sun amfana da shi ƙwarai, sai dai yaran Katsina nawa ne suka taɓa jin sunansa a aji?

Ga kuma koginmu na Hadejia. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke ciyar da fadamun Hadejia zuwa Nguru ta canja hali, ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa. Mai son sanin inda ruwa ke kwanciya a da, ko dai ya zauna da tsofaffin masunta tun suna raye, ko ya nemi hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat, waɗanda Amurkawa suka fara tarawa a 1972 ba tare da sanin wa zai buƙace su ba. Tun 2008 kyauta ake ba da su. Ɗalibi a Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa zai iya sauke su a kwamfuta, ya jera shekara bayan shekara, ya ga daminar da kachalla ta fara cin gonar kakansa.