Kyamarar da ke mutuwa da an ɗauke wuta ba mai gadi ba ce

Labarin ya zama ruwan dare a unguwannin Kano da Kaduna da Abuja. A haura gida da tsakar dare a ɗauke babur ko injin jawo ruwa, gari na wayewa maigida ya nufi na'urar da ke naɗar hotunan kyamarorinsa da ƙwarin gwiwa, sai ya tarar hoton ƙarshe na ƙarfe goma sha ɗaya ne, daidai lokacin da aka kashe janareto. Kyamarori huɗu na nan manne a katanga, amma sun riga kowa yin barci.

Nan take sai a ce kayan jabu ne, ko mai haɗawar ya yi ha'inci. Wani lokaci haka ne. Sai dai galibi tun ranar sayayya aka tafka kuskuren: an zuba kuɗi a kan yawan kyamarori da kyan hoto, an bar batun wuta da sabis ga sa'a. Masu ƙera waɗannan na'urori sun yi su ne da tunanin gidan da wuta ba ta yankewa. A nan kuwa ko unguwannin da aka sanya a rukunin Band A, waɗanda aka ƙara wa kuɗin wuta a watan Afrilun 2024, alƙawarin da aka yi musu awa ashirin ne a rana, ba ashirin da huɗu ba. A watan Oktoban shekarar kuma jihohin Arewa da dama sun shafe fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan dakon wuta. Ɓarawo ya san da wannan sarai, shi ma duhun yake jira.

Don haka duk mai shirin sanya kyamara, batir ya kamata ya fara tambaya kafin ya tambayi megafiksal nawa ce. Lissafin ba shi da wahala. Kyamarori huɗu da DVR da na'urar wifi a haɗe suna cin wuta wajen wat hamsin. A awa goma sha biyu na dare, wat-awa ɗari shida ke nan. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da kusan wat-awa dubu ɗaya da ɗari biyu, kuma idan irin na ruwa ne ba a son a zuƙe fiye da rabinsa, in ba haka ba ya mutu da wuri. Ke nan batir ɗaya irin wannan zai kai gari ya waye, da sharaɗin kyamarorin kaɗai yake riƙe wa. Matsalar ita ce a gidaje da yawa inbata guda ce ke ɗauke da fanka da talabijin da cajin wayoyi, har da firji. Zuwa ƙarfe biyu na dare ta yi ƙara ta mutu, kyamarorin su bi ta. Ƙaramar UPS ta kwamfuta ma ba ta raba gardama ba, aikinta cike ɗan giɓin da ke tsakanin ɗauke wuta da tayar da janareto ne, ba kwana ba.

Akwai wata cutar da ta fi rikita masu gida: kyamara ta yi aiki lafiya lau da rana, magariba na yi ta fara ƙyaftawa, ko hoton ya ɓace ya dawo. Ba aljanu ba ne. Da duhu ya shiga, ƙananan fitilun da ke ba ta damar gani da dare suna kunnuwa, wutar da take ja ta ƙaru. Idan adafta ɗaya mai rauni aka raba wa kyamarori huɗu, ko aka ja siririyar waya mai nisa zuwa bakin get, bolt 12 ɗin ba ya isa can cikakke. Gwajin mai sauƙi ne: a sauko da kyamarar, a jona ta kusa da wata adafta mai kyau a ɗaki mai duhu. In ta tsaya daram, lafiyarta ƙalau, wayar ko adaftar ce ke da laifi. Mutane da yawa sun sayi sabuwar kyamara alhali adafta ce kawai ta gaji. Masu tsarin da ke tura wuta da hoto ta waya guda, wato PoE, su ma suna da iyaka: mita ɗari, kuma wayar da cikinta alminiyom ne aka shafa mata jan ƙarfe ba ta kai hakan cikin aminci.

A kuma riƙa duba agogon da ke saman hoton. A cikin DVR akwai ɗan batir mai kamar kwabo da ke riƙe lokaci. Idan ya mutu, duk sanda aka ɗauke wuta na'urar sai ta koma wata tsohuwar shekara. Ranar da za a kai hoton wurin 'yan sanda, kwanan watan da ke jikinsa ba zai yi daidai da ranar da aka yi satar ba.

Sai batun sabis, inda aka fi yaudarar kai. Abin da ke sayar da kyamara a yau shi ne maigida ya zauna a shago ko a Saudiyya yana kallon tsakar gidansa a waya. Idan manhajar ta nuna kyamara ba ta kan layi, hankali ya tashi. Amma kallo daga nesa daban, naɗa daban. DVR mai faifan ajiya, ko kyamara mai mimori a ciki, tana ci gaba da naɗa ko babu intanet. Wadda ke tura komai can rumbun kamfani ta intanet ce ke makancewa da zarar data ta ƙare. Kuma tana ƙarewa da sauri: hoton da ke tafiya a kan megabit ɗaya a daƙiƙa, dare da rana, yana cinye kusan gigabait goma sha ɗaya a kwana guda. Ga shi tun Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin farashi har kashi hamsin cikin ɗari.

Ko da datar, sabis ɗin ba abin jingina ba ne. A Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a Zamfara baki ɗaya da wasu ƙananan hukumomin Katsina saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka shafe makonni. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna suka jigata. Wuraren da suka fi buƙatar tsaro su ne sabis ya fi yi wa wuya.

Sauran matsalolin haɗi ƙanana ne. Yawancin kyamarorin wifi masu sauƙin kuɗi zangon 2.4GHz kaɗai suke kamawa, ba sa ganin 5GHz. Katangar bulo biyu ko uku ta isa ta kashe siginar. Sannan akwai wadda ta fi kowacce yawa: wani a gidan ya zare MiFi ɗin ya fita da shi, ko an sauya kalmar sirri saboda yaran maƙwabta ba a sanar da kyamarar ba.

Masu goyon bayan ajiya ta intanet suna da hujja mai ƙarfi, domin ɓarawon da ya waye yakan tafi da DVR ɗin ne gaba ɗaya. Gaskiya ne, musamman da yake an saba ajiye shi a falo ƙarƙashin talabijin. Maganin shi ne a ɓoye shi a wurin da ke samun iska, a kuma saita manhajar ta riƙa turo gajeren hoto kawai idan ta ga motsi. Kyamarorin sola masu layin waya ma sun rage wahala, amma ƙurar hunturu na rufe farantin har caji ya gaza, kuma yawancinsu sai sun ji motsi suke farkawa, wani lokaci bayan mutum ya wuce.

Nauyi mafi girma yana kan masu haɗawa. Da yawansu sun san duk wannan, amma suna cire batir daga lissafi don kada farashi ya kori mai saye. Bai kamata maigida ya biya cikon kuɗin aiki da rana tsaka, don kawai hoto ya fito tangaran a wayarsa ba. Ya jira dare, ya kashe babban makunnin gidan, ya zare layin da ke cikin na'urar wifi, ya fita ya zagaya ta gaban kowace kyamara. Da safe ya nemi mai haɗawar ya nuno masa kansa a hoton, da ainihin ƙarfe nawa ya wuce. Wanda zai iya biyan kyamarori shida babu batir, gara ya sayi uku da batirinsu, ya sa ɗaya a get, ɗaya a bayan gida, ɗaya a inda ake ajiye abin hawa.