A San Abin da Barorin Kwamfuta Ke Buɗewa

Duk wanda ya yi aikin gwamnati ya san ƙa'idar ɗakin rajista: ba a fitar da fayil sai an rubuta sunan wanda ya ɗauka da inda za a kai shi. Abin takaici, da zarar takardu sun koma cikin kwamfuta sai a yi watsi da wannan ƙa'ida.

Babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, wadda ake kira saba, tana da wasu manhajoji masu aiki dare da rana ba tare da wani ya taɓa su ba. Su ne barorinta. Akwai sshd mai gadin ƙofa, wanda ke tantance masu shiga daga nesa. Akwai cron mai tayar da ayyuka a kan lokacinsu. Kowannensu yana buɗe fayiloli: wanda zai karanta umarni, wanda zai rubuta rahoto, da na manhajojin da yake aro.

Gano waɗannan fayiloli ba shi da wuya. A kan Linux, umarnin lsof, wanda Victor Abell na Jami'ar Purdue ta Amurka ya rubuta, yana jera duk fayil ɗin da ke buɗe da baran da ke riƙe da shi. Shi kuwa strace yana bin bara sawu da ƙafa, yana nuna duk abin da ya nema. Sau da yawa ma'ajiyar saba kan cika alhali an share fayiloli, don kuwa wurin ba ya dawowa muddin bara na riƙe da fayil ɗin. Nan take lsof ke tona wannan.

Amma batun ya wuce cikar ma'ajiya. A watan Maris na 2024 Andres Freund, injiniya a kamfanin Microsoft, ya lura sshd na jinkirin kimanin rabin daƙiƙa. Bai ce ba komai ba. Ya bi diddigi har ya iske ɓoyayyiyar ƙofa da aka dasa cikin liblzma, manhajar matse fayiloli, a fitowa ta 5.6.0 da ta 5.6.1. Mai gadin bai nemi wannan manhaja da kansa ba. A wasu nau'o'in Linux wata manhaja ce ta jawo masa ita. Allah Ya sa an gano kafin ta bazu.

To, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wajibi ne kowace ma'aikata ta sa ma'aikatan kwamfutarta su rubuta jerin fayilolin da kowane bara ke buɗewa tun ana lafiya, su riƙa gwadawa a kai a kai. Baƙon fayil ya bayyana, a tambayi dalili. Ɗalibai kuma su koyi wannan tun suna makaranta. Albashi da fansho na dubban bayin Allah amana ne, kuma ba a barin amana hannun baran da ba a san shige da ficensa ba.